Turnabis ɗin Uwani

Tun ranar da na dawo daga Kano 'yan fadarmu ta hira suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Lawali mai faci ya tambaya, Habu tela ya tambaya, har Malam Idi da ba ya shiga sabgar kowa sai da ya ce, "Sani, wai ya Kano? Kuma wanga akwati na katako da ka jibge mana bakin shago, na mene ne?" Kullum amsata ɗaya ce, Kano lahiya lau. To na gaji. Ga labarin nan na rubuta, ku karanta ku ƙyale ni. Wanda ya gama kuma kada ya zo mini da "sai haƙuri", na sha ta har ta ishe ni.

Ku kun san Uwani, amma saboda wanda bai sani ba, ɗiyata ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. Da aka yaye ta, Inna mahaifiyarmu ta ce ɗan fari ba ya girma gaban iyayensa, a kai ta Tsibiri gidan yayana Alhaji Isuhu, wanda a lokacin matarsa ba ta haihu ba. Haka aka yi wa shi Alhajin kansa yana ƙarami, haka ake yi a gidanmu, wa ya isa ya ce a'a? Kowa ya ce mini ai wasu na tafe. Wasu ba su zo ba. Uwarta ta rasu, shi kuwa Alhaji yau gidansa ba wurin sa ƙafa saboda yara. Yarinya ta tashi tana ce mishi Baba, ni tana ce mini Tonton, yadda 'yan lekwal, wato 'yan makarantar boko, ke kiran ƙanen uba. Ba wanda ya gaya mata gaskiya, kuma an ce ba za a gaya mata ba sai ta girma. Ni ko sunanta ban taɓa kamawa ba saboda kunyar ɗan fari. "Ke yarinya" nake cewa, sai ka ce a hanya na tsince ta. Ina ganinta da Salla, da ranar suna, da ranar rasuwa.

A wani suna ne ma abin ya faro. Rediyon Hajiya, matar Yaya, ya daina magana, aka ce ga Sani mai gyara nan, a ba shi. Na buɗe shi a zaure. Ina cikin dubawa na ji numfashi a kafaɗata, ashe Uwani ce ta leƙo. Ta ce, "Tonton, ordinata ma haka cikinta yake?" Na ce cikin kwamfuta ya fi haka kyau, kuma mutum na iya sayo kayan cikin ɗaya-ɗaya ya haɗa abinsa da hannunsa. Ta zaro ido. "Har ni?" Na ce har ke.

Yaya na jin mu. Ya ce, "Kai Sani, wahalar me? Gobe in sa a kawo mata sabuwa cikin kwali." Na ce, "A'a Yaya, in ta haɗa da kanta ta fi sanin darajarta, kuma ilimi ne." Ya tambaya kwana nawa aikin zai ci. Na ce abu ne mai cin lokaci, wata uku ko huɗu, sai dai direba ya riƙa kawo ta shagona nan unguwar Zariya ta Maraɗi duk Asabar muna yi kaɗan-kaɗan. Ya yi dariya ya ce ya yarda. Duk wanda ya san aikin ya san yini ɗaya ya isa har a yi barcin rana. Amma ni ba kwamfuta nake nema ba, ranakun Asabar ɗin nan nake nema. Na sayar da babur ɗina don kada Yaya ya sa ko dala a ciki. Kayan da nake so babu su a Maraɗi sai tsofaffi da aka ciro daga matattun injuna, don haka sai Kano. Da yarinya ta ji, ta sa rigima sai ta bi ni. Lokacin hutun lekwal ne, Yaya ya ce a tafi da ita ta ga gari, akwai amininsa can da zai sauke mu.

Zangon farko Jiratawa, don ba a wuce ƙofar Inna a tsallaka iyaka. Mun tarar da ita tana tsinkar zogale a faifai. Ta ɗaure mana dunƙulen hura da kwaɗon zogale, ta yi wa takwararta Uwani wasa, ta ce kishiya za a je birni a sayo jan baki. Da za mu fita ta kira ni bayan rumbu. "Sani, hanya tana sakin bakin mutum. Ka riƙe naka." Na ce to. Ban taɓa ce wa Inna wani abu ban da to ba. Kafin mu hau mota na biya da yarinya wurin kafinta Ɗan Tani, don na yi niyyar gidan kwamfutar ya zama na katako, aikin garinmu, ba baƙin ƙarfen da kowa ke da shi ba. Uwani ta zaɓi a shafa mishi shuɗin fenti. Kafinta ya ce sai mun dawo da kayan ya auna.

Motar da muka samu ta girme ni. Kujerar baya ta mutum uku ce, aka cusa mu biyar, cikinmu har da wata Hajiya mai fataucin atamfa wadda ita kaɗai ta isa kujera biyu amma ta biya kuɗin ɗaya. Direba ya ce yarinya ta hau cinya. Haka Uwani ta zauna bisa ƙafata, rabona da ɗaukarta tun tana shan nono. Kafin garin Ɗan Isa ƙafar ta mutu murus, ko tsinke aka soka ba zan ji ba. Ban motsa ba. Ta yi ta nuna mini gonakin hatsi tana surutu, ina ta "uhm, haka ne, yarinya." Hajiya mai atamfa tana kallonmu ta wutsiyar ido.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauka. Wani jami'i dogo mai furfura a gemu ya karɓi kartina na shaida, ya karɓi na lekwal ɗin yarinya, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sunan uban da ke kan nata ba nawa ba ne, Isuhu ne.

"Malam, ya kuke da yarinyar nan?"

Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ɗiyata ce." Shekara takwas ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba.

Ya durƙusa daidai tsayinta. "Ke, wannan babanki ne?"

Ta yi dariya. "A'a, Tontona ne. Babana shina Tsibiri."

Ya miƙe a hankali. Ya dube ni ya ce, "Ya sunanta?" Ku da kuka san al'adarmu kun san abin da ya faru. Sunan ya zo maƙogwarona ya tsaya. Na dubi ƙasa kamar an tambaye ni sunan surukata. Nan take Hajiya mai atamfa ta tafa hannu. "Ni dama na lura! Tun Jiratawa nake saurare, ko sau ɗaya bai kira sunanta ba!" Mutane suka taru. Wani yaron mota da ko gemu bai tsira ba ya ce a caje jakata.

Aka zaunar da mu kan benci gindin dogon yaro, ita can ni nan. Ban ga laifin jami'in ba, ana satar yara, aikinsa yake yi, kuma da ɗiyata wani ya ɗauka zan so a tsare shi haka. Abin da ya ci mini rai, amsar tana bakina, magana uku ce, amma yarinya na zaune tana kaɗa ƙafa tana kallona, ga kuma muryar Inna bayan rumbu. Dole na kira Yaya a salula, jami'i ya ce in buɗe murya kowa ya ji. Yaya ya sha dariya har da tari. "Ranka shi daɗe, ɗiyata ce, shi kuma ƙanena ne ciki ɗaya. Ni na ba shi aronta, ku bar su su wuce." Aro. Kowa ya yi dariya, jami'i ya ba ni haƙuri, Hajiya mai atamfa ta ce ai rigakafi ta yi. Muka koma mota.

Mun wuce Jibiya ke nan Uwani ta waiwayo ta ce, "Tonton, don mi ka yi ƙarya? Madam ɗinmu ta lekwal ta ce ƙarya haramun ce." Na ce ai a wurinmu ɗiyar yayanka ɗiyarka ce. Ta auna maganar, sannan ta ce, "To amma ka daina, ka ga sun kusa kama ka." Na ce na daina.

Daga nan zuwa Katsina shingaye ne bisa shingaye, direba na ta sauka yana hawa har na daina ɗaga kai. Katsina ba baƙunta, maganarsu tamu ce, har na ji kamar ban bar gida ba. Can muka sauya mota, muka ci hurar Inna a tasha, na dama mata da nonon da wata Bafulatana ta rantse bai ga ruwa ba, alhali ana hango gindin ƙwarya. La'asar sakaliya muka shiga Kano. Kai, garin nan ba ya ƙarewa. Yarinya ta yi ta tambaya, "Mun iso?" ina cewa mun iso, muna ta tafiya. Ba kabu-kabu kamar nan, sai kekuna masu ƙafa uku ruwan ɗorawa da suke cewa adaidaita, suna kutsawa tsakanin motoci kamar kaji a tsakar gida.

Aminin Yaya, Alhaji Bala, ɗan kasuwar wake ne, mutumin kirki. Yana ganinmu ya ce, "A'a! 'Yar Alhaji Isuhu ce wannan? Ku shigar da ita ciki, ku ba ta ɗakin Hajiya." Aka kwashe ta da guɗa. Ni aka ce, "Kai ne ka rako ta? Sannu da ƙoƙari." Aka ba ni tabarma a shagon ƙofar gida tare da buhunan wake da ƙwarinsu. Abinci kam ba laifi, tuwon shinkafa da miyar taushe, da safe gurasa da ƙuli. Hurarsu ce ban gane ba, ruwa tsululu, sukari kamar za a yi alewa. Da safe Uwani ta fito ta raɗa mini, "Tonton, hurarsu ba hatsi ciki." Na ce yi shiru ki sha, baƙi muke.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan ba abinci ba ne. Alhaji Bala na da ɗa, Nura, saurayin magidanci. Ina zaune ƙofar gida sai ga shi da yarinya 'yar shekara uku ya ɗora ta bisa wuya, tana jan kunnuwansa, yana "Mamana, Mamana, a hankali!" Kuma a gaban mahaifinsa. Na ce a raina wannan wace irin rashin ta-ido ce. Da muka keɓe na tambaye shi, "Ta fari ce?" Ya ce, "Eh mana." Na ce, "Ba ka jin kunya?" Ya dube ni kamar na yi mishi wani yare. "Kunyar me, Malam Sani? Ni fa na haife ta." Na so in ce mishi mu can mun fi su tarbiyya. Na kasa, don gaskiyar magana hassada ce ta cika mini ciki.

Shi Nura ne ya kai mu kasuwar kayan kwamfuta, wani bene mai shaguna kamar saƙar zuma, janareta na ihu ta ko'ina. Ya haɗa mu da wani mai shago, Abba, matashi mai bakin tsiya. Kafin in gama sallama ya sauko da kwamfuta haɗaɗɗiya ya ɗora kan tebur. "Alhaji, ga ta nan, ka je ka jona kawai. Me za ka yi da wahala?" Na ce ba ita nake so ba, kayan ciki nake so, ɗaya-ɗaya, kuma yarinya ce za ta zaɓa. Ya dubi Uwani da ko teburin ba ta kai ba, ya dubi Nura, ya ce, "Mutanen Nijar ke nan." Ya kawo mata kujera ta hau.

Muka fara da babban allon da ake dasa komai a kansa, wanda mu muke cewa kartamer. Ya jera guda huɗu. Ni idona na kan wani baƙi mai sauƙin kuɗi. Uwani ta ɗora yatsa kan wani kore ta ce, "Wanga! Kamar gonakin Jiratawa, ga hanyoyin ruwa nan." Na duba, allon kirki ne, kuma yana da ramukan ram har huɗu. Na ce shi za mu ɗauka. Da aka zo kan ram ɗin, 'yan siraran sandunan da ke riƙe wa injin tunani, Abba ya miƙo babba guda ɗaya. Na ce ƙanana nake so, da yawa. Ya ce, "Alhaji, guda ɗayan nan ya fi sauƙi, ya fi arha, ɗanna shi kawai za ka yi." Na ce na sani. Ina zan gaya mishi kowace sanda Asabar ɗaya ce?

Na koya mata ta taɓa ƙarfen tebur kafin ta taɓa kaya, don wutar jiki na kashe su. Daga nan duk abin da za ta ɗauka sai ta mari ƙafar tebur tukuna, har Abba ma ta hana shi taɓa kayansa sai ya yi. Akwatin wuta ni na zaɓa, mai ƙarfi, don na san halin wutar Maraɗi, yanzu ta zo kamar za ta ƙona gida, an jima kamar aci-balbal. Fanka kuwa na ce sai babba saboda zafin garinmu, ita ta ce sai mai shuɗiyar fitila don ta dace da fentin Ɗan Tani. Aka samu mai duka biyun. Abba ya sake gwada sa'arsa da wani baƙin gida mai gilashi a gefe. Uwani ta ce, "Mu namu na katako ne, kahinta ke yi." Abba ya riƙe baki, maƙwabtansa suka leƙo kallon 'yan Nijar masu kwamfutar katako.

Na ƙarshe shi ne turnabis, abin ɗaure ƙusoshi. Nawa na shago sun yi wa hannunta girma. Abba ya zazzage kwali, ta gwada wannan ta gwada wancan, har ta samu wani ƙarami mai mariƙi ruwan ɗorawa, bakinsa da maganaɗisu. Da ta ga ƙusa ta yi tsalle ta manne mishi, shi ke nan, ta manta da mu. Ta sauka ƙasa tana tsince ƙusoshin shagon. Abba ya ce, "Baban yarinya, 'yarka injiniya ce." Ta ɗago ta ce, "Tontona ne." Can ya sake cewa baban yarinya, ta sake gyara mishi. A na ukun hankalinta na kan ƙusa, ba ta gyara mishi ba. Ni kuwa na tsaya ina washe baki kamar wawa, har ya ƙara mini kuɗin waya ban yi ciniki ba.

Muna cikin ɗaure kwali na waiwaya ban gan ta ba. Na leƙa ƙarƙashin tebur, babu. Na fita baranda, mutane kamar ƙasa, ga matakala, ga titi a ƙasa. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Uwani! Uwani!" Har masu janareta sai da suka waiwayo. Sai ga ta ta fito daga shagon maƙwabci, turnabis ɗinta cunkus da ƙusoshi. Ta tsaya tana kallona da mamaki.

"Tonton, ashe ka san sunana?"

Na ce na sani. Ta ce ita ta zaci mantawa nake yi saboda su da yawa ne a gidan. Na kama hannunta, ba ta ƙwace ba. Ranar nan har muka koma masauki sunan bai bar bakina ba. Uwani ga mota, Uwani za ki sha rake, Uwani kin gaji? Ba wanda ya san ni a Kano, ba wanda zai kai wa Inna. Na ɗora ta bisa wuya ma da za mu tsallaka titi, ta yi nauyi, wuyana ya kwana yana ciwo.

Dawowa ba wani labari. Ruwa ya kama mu bayan Katsina, rufin motar na yoyo daidai kaina, na tuɓe babbar riga na lulluɓe kwali, na iso kan iyaka da 'yar shara kamar ɗan dako. Jami'in nan mai furfura ya gane mu, ya ce, "'Yar Alhaji an dawo?" Ya ɗaga mana hannu. Muna shigowa ƙasarmu na ji sunan ya koma inda ya fito. Kafin Maraɗi na koma "ke yarinya" ba tare da kowa ya ce in koma ba.

Direban Yaya na jiran mu a tasha, ya kai mu Tsibiri. Yara suka yanyame kwali. Uwani ta ce don Allah a bar mata kayan su kwana wurinta ta nuna wa ƙannenta, ba za ta bari kowa ya taɓa ba sai ya mari ƙarfe. Hajiya ta ce, "Bar mata mana, Sani, ran Asabar direba ya kawo su tare." Na auna allon da zare, na ƙulla alama, na bar kwali. Wa zai hana yarinya kwana da kayanta?

Washegari na tafi Jiratawa da zaren awo. Na zauna kan Ɗan Tani kamar mai jiran haihuwa, nan a huda don iska, nan a bar ƙofa mai ƙugiya don hannun yaro ya iya buɗewa, nan a goge kada sartse ya soke ta. Ya ce bai taɓa ganin mai saye da fitina irina ba. Inna ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambaye ni Kano ba. Cewa ta yi, "Ba ka dai faɗa mata ba?" Na ce ban faɗa ba. Ta ce Allah shi yi albarka. Ran Juma'a fenti ya bushe, na ɗauko akwati.

Ran Asabar kun gan ni da idonku. Na share shago, abin da Lawali ya ce bai taɓa gani ba. Na aro 'yar kujera wurin Habu, na sayo ƙosai da lemo, na shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur. Hantsi ya yi, ba direba. Ƙosai ya huce. Wajen azahar salula ta yi ƙara, Yaya ne, muryarsa cike da fara'a. "Sani, kana ina? Hawo kabu-kabu ka zo ka ga abin mamaki." Na ɗauki akwatin katako na rungume a baya, har Tsibiri yana bugun haɓata.

Tun daga zaure na ji hayaniyar yara. A falon Yaya, kan tebur, ga baƙin gida mai gilashi a gefe, irin wanda na ƙi a Kano. Ta cikin gilashin ina hango allon nan kore, sandunan ram duk an jera su, fanka na juyawa da shuɗiyar fitilarta. Uwani na zaune gaban allon kallo tana zana gida, ƙannenta sun kewaye ta.

Yaya ya dafa kafaɗata. "Ka gani? Jiya yaron da ke duba mana injunan ofis ya zo, na ce ya dubi kayan. Ya ce wane wata huɗu? Tsakanin azahar da la'asar ya gama, har gidan da allon kallo ya kawo daga wurinsa. Na ce wallahi gara in hutar da ƙanena, ga shagonka, ga zirga-zirgar direba. Ya ce kuma a gaya maka ka iya zaɓen kaya."

Na duba aikin, ina neman aibi ko ɗaya da zan riƙe. Babu. Yaron ya iya aiki, wayoyin ma ya ɗaure su tsaf. Kuma Yaya ba da mugunta ya yi ba, ku sani, har ga Allah taimako ya yi, yana tsaye yana jiran godiya. Na yi godiyar. Hajiya ta ga akwatin a hannuna ta ce, "Kai, wanga ya yi kyau, na 'yan tsaki ne?" Na ce a'a, na wani ne, saƙo aka ba ni.

Sai da zan fita Uwani ta lura da ni. Ta sauko da gudu, ta ce, "Tonton, ka ga tana yi! Ka ga fitilar!" Na ce na gani, yarinya. Ta ruga ɗaki ta dawo, ta miƙo mini turnabis ɗin nan mai ruwan ɗorawa da hannu biyu, yadda aka koya mata ba manya abu.

"Ga abinka. An gama, ba a ma yi aiki da shi ba."

Na karɓa. Ta koma wurin zanenta.

To kun ji Kano. Akwatin da kuke ɗora butar shayi a kai, gidan kwamfutar Uwani ne, ku ci gaba da ɗorawa, ba abin da za a sa ciki. Habu, ka zo ka ɗauki 'yar kujerarka. Turnabis kuwa yana aljihuna, kada wanda ya sake ya ce in ara mishi. Sai Salla zan gan ta.